Dariya Kurɓi-Kurɓi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Mama da yara. Yaya shago, yaya fama da kawunan mutane? Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Da hannuna na dama nake rubuta miki, wanda ya saki waya ranar nan. Ki duba rubutun da kyau, munin nan nasa na tun firamare ne, ba sabo ba ne.

Na koma ga takarda ne tunda kin ƙi ɗaga wayata. Mama ta ce har shago kin rufe, kin zauna kina cewa ke kika kusa kashe ni. To bari in gaya miki abin da ya faru a nan, tunda ke ƙarar faɗuwar waya kawai kika ji. Kina ba ni labarin matar nan da ta zo miki da hoton wata mai gashi har gadon baya, ta ce a yi mata irinsa, alhali nata gashin ko yatsu biyu ba sa kama shi. Kina kwaikwayon muryarta, ni kuma ina dariya har numfashina yana sarƙewa. Kin kawo daidai inda mijinta ya shigo shagon rungume da fanka, sai na ji hannuna na dama ya zama ba nawa ba. Na buɗe baki in kira maigidana, ƙaninki, harshe ya yi nauyi, magana ta ƙi fita. Kafin mu isa asibiti komai ya dawo daidai, har na fara jin kunyar tayar wa mutane hankali.

Ba ranar abin ya fara ba, Yaya. Tun bara, in na busa usur da ƙarfi a filin makaranta ina tara yara, nakan ji yatsuna sun mutu na ɗan lokaci. Na ɗauka gajiya ce, don wace malamar wasanni ce ba ta gajiya?

An sa kaina a cikin wata na'ura mai ƙara kamar injin niƙa, bayan an tabbatar mini ba abin da za ta yi wa cikin da nake ɗauke da shi. Likitar ƙwaƙwalwa, wata siririya mai tabarau da ba ta gaggawar magana, ta nuna mana hoton. Manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwata sun tsuke, sai jiki ya yi dabara ya fito da wasu ƙanana sirara birjik don su taimaka. A hoton sai ki rantse hayaƙi ne ya tashi. Sunan ciwon moyamoya, kuma tun yanzu na hana ki wasa da sunan nan. Ta ce ba kasafai ake samunsa ba. Ni dai kin san halina, ko ciwo zan yi sai na zaɓo wanda babu a unguwa.

Duk abin da zai sa in riƙa numfashi da sauri-sauri yana ƙara tsuke jijiyoyin: busa usur, hura abinci mai zafi, kuka mai shessheƙa, da irin dariyar gidanmu. Ƙishirwa ma abokiyar gaba ce, haka hawan jini ko faɗuwarsa, ga shi ciki yana wasa da duk waɗannan. Likitar ba ta ɓoye mana ba. Abin da ake gudu shi ne shanyewar ɓarin jiki, irin wadda ba ta tafiya kamar ta ranar nan. Ina jin tsoro, Yaya. Shekara shida muna jiran cikin nan, yanzu ya shiga wata na huɗu, kuma ina so in ɗauki abin da zan haifa da hannuwana biyu, in kira shi da bakin da bai karkace ba.

Amma ki dubi ikon Allah. Dariyar da kika ba ni ce ta tona asirin ciwon tun ana iya yi masa shiri. Da ba don ke ba, da sai a ɗakin haihuwa zai nuna kansa. Don haka ki tashi ki buɗe shagonki, mutane na yawo da tsohon kitso saboda ke.

Ƙaninki, wanda kika raɗa wa Maganin Barci tun ranar da ya zo gaishe da Mama ya ɓige da bayanin tankin ruwa, bai sha wahalar gane ciwon ba. Mai gyaran famfo ne dai. Ya gyaɗa kai ya ce ai bututu ne ya tsuke, sai a kula da ƙarfin ruwa. Likita ta yi murmushi ta ce kusan haka ne. Shi ne kuma ya kawo shawarar mu koma wasiƙa, wai takarda ana iya ninke ta in dariya ta taso, ke kuwa ba a ninke ki.

Ki ba direban da ya kawo wannan takarda amsarki. Kuma don Allah, me ya kawo fanka shagon kitso? Abin yana damuna.

Ki gaishe da Mama da kyau, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Ina fatan kun tashi lafiya, ƙafar Mama kuma ta yi sauƙi. Wasiƙunki biyu sun iso, na gode.

Ta farkon dai ban san wa ya rubuta ta ba. An yi ruwa, muna lafiya, ki sha magani. Yaya, ko takardar da ake saka wa cikin kwalin magani ta fi wannan daɗin karatu. A ta biyun ne na ga 'yar Mama ta dawo hayyacinta, kuma ita ce ta jawo abin da zan ba ki labari.

Maganin Barci ya naɗa kansa mai tace wasiƙa. Ya kafa doka cewa duk takardar da ta fito daga hannunki shi zai fara karantawa, ya ja layi da jan fensirinsa na auna bututu a ƙarƙashin wuraren da ke da haɗari, don in shirya numfashina kafin in isa wurin. Ya zauna a teburin cin abinci, ya ɗaure fuska irin ta aiki, ya yi ta nazari. Da ya miƙo mini, wuri ɗaya tak ya ja wa layi, har layi biyu: inda kika ce famfon shagonki yana ɗiga kin ɗaure shi da ragowar gashin kanti. Wai shi bai taɓa jin abin dariya irin wannan ba, har kafaɗunsa suna rawa.

Na wuce wurin famfo lafiya, na saki jiki. Sai kawai na faɗa cikin labarin Mama ba shiri, yadda ta shigo shagonki da sabon tabarau ta gaishe da kan robar nan da kike kafa gashi a kai, ta tambaye shi mutanen gida, sannan ta juyo tana faɗan 'yan matan yanzu ba sa amsa gaisuwa. Babu ko ɗigon jan fensir a wurin. Na ji abin yana tasowa daga cikina, na yi maza na ninke takardar na danne ta da filo, na fita tsakar gida ina jan numfashi a hankali kamar yadda aka koya mini. Sai da na ninke wasiƙar nan sau da yawa kafin in ga ƙarshenta. Da na nuna masa wurin, ya sake karantawa, ya ce shi bai ga abin dariya ba, ai tabarau ne bai yi mata daidai ba, a mayar wa mai shi.

Daga nan muka samo maganin abin. Yanzu shi ke karanta mini wasiƙunki da baki. Kin san muryar nan tasa da ba ta hawa ba ta sauka. Labarin da zai kayar da mutum daga kan kujera, in ya bi ta bakinsa sai ya fito a sanyaye, ga shi yana tsayawa ya tambaya ko kan na roba ne ko na katako. Dariyar sai ta riƙa zuwa mini kaɗan-kaɗan, in yi ta in huta. Don haka ki rubuto duk abin da kika ga dama, muna da mai tacewa a gida.

Laulayi ya ɗan wahalar da ni. Amai ya yi yawa har aka kwantar da ni aka yi mini ƙarin ruwa, don ni rashin ruwa a jiki ba abin wasa ba ne. Tun da muka dawo gidan ya cika da gorunan ruwa, ɗaya a bakin gado, ɗaya kan keken ɗinki, ɗaya a taga, har a bayan ƙofa na tsinci wata. Kowace safiya sai ya ɗaura mini na'urar awon jini kafin ya fita, ya ba ni 'yar ƙwayar da ke hana jini daskarewa, ya tsaya sai ya ga na haɗiye. Shayina ma shi ke hurawa. Ki zo ki ga ƙato da gemunsa ya tsuke baki a kan kofi, yana ɗanɗanawa da cokali. Wani lokaci in na kalle shi sai in ji ƙwalla, in tuna ita ma da ƙa'ida.

A makaranta an karɓe usur an ba ni ƙararrawa, ina zaune a inuwa ina kaɗawa. Yara sun ce Malama ta koma mai sayar da askirim. Ɗan cikin kuma ya fara motsi, kuma na lura ya fi yin harbi in babansa yana karatu, ban sani ba ko murna yake ko roƙo yake a yi shiru.

Kin amsa komai ban da maganar fanka. Kin ce kin rantse ba za ki ƙarasa labarin nan ba har abada. Haba Yaya, laifin me fanka ta yi?

A gaishe da Mama, a ce mata kan robar yana amsawa.

Taki har kullum,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Wannan ba za ta yi tsawo ba, don zama ya fara yi mini wuya, cikin ya shiga wata na takwas kuma ya riga ni shiga kowane ɗaki.

Na ajiye aiki. Jinina ya ɗan hau, aka gyara mini magani, aka ce in huta. Shekaranjiya da rana ina ninke 'yan rigunan da kika aiko, sai na tsaya a kan wata mai maɓallai ƙanana. Na ce a raina, in hannun nan ya tafi, wa zai ɓalla waɗannan? Kafin in ankara kuka ya ƙwace mini, na ji leɓɓana sun fara mutuwa, yatsuna suna sanyi. Dole na haɗiye shi da ƙarfin tsiya, na zauna ina jan numfashi, hawaye na zuba ba sauti. Ban taɓa sanin kuka ma gata ne ba sai ranar. Abin ya wuce, mun je an duba ni, ba wata sabuwar ɓarna. Na gaya miki ne don kada ki ɗauka kullum cikin raha nake.

Likitocin sun zauna a kaina su uku, ta ƙwaƙwalwa da na mata da mai allurar kashe zafi. Sun ce haki da yunƙurin naƙuda ba nawa ba ne, tiyata za a yi a ranar da aka tsara. Ba za a sa ni barci ba. Allura za a yi mini a baya, ƙasa ya mutu, sama yana farke, don in riƙa magana ina matse hannu su san ƙwaƙwalwa tana samun rabonta. An yarda ƙaninki ya zauna a wajen kaina. Tun yanzu ya je ya ga ɗakin, ya dawo yana yabon yadda aka ja bututan wurin wanke hannu.

Na karanta uzurinki. Kin ce ba za ki zo ba sai an gama, don ko bakinki kika ɗinke, fuskarki kaɗai ta isa. Gaskiya ne, amma ya yi mini ciwo, don ban taɓa shiga wani abu mai wuya ba tare da ke a gefena ba. Na haƙura. Alfarma ɗaya nake nema. In aka fito da ni ba yadda na shiga ba, ke za ki koya wa yaron nan dariya. Uban zai ba shi ruwa a kan lokaci, zai hura masa abinci, zai so shi fiye da ransa, amma kin san iyakar abin da zai iya.

Ku sa mu a addu'a, ke da Mama.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta


Zuwa ga Yayata, uwar 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da farin cikin da takarda ba za ta ɗauka ba. Ina fatan kuna lafiya, kuma Mama ta daina kukan murna ta ci abinci. Na san ƙaninki ya kira ku tun ranar, kuma na san yadda ya ba da labarin: an yi, mace ce, kowa lafiya. To ga yadda aka yi daga bakin mai abin.

Da safe aka shiga da ni. Ɗakin sanyi ƙalau, an kafa wani koren ƙyalle a kan ƙirjina don kada in ga aikin. Mai allura yana tsaye a dama, ya ba ni yatsunsa biyu ya ce in riƙa matsewa, in kuma riƙa magana kada in yi shiru. Na rasa abin faɗa, sai na kama kiran sunayen yaran ajina kamar muna fili, har da masu makara. Ƙaninki yana hagu cikin hula da takunkumi, idanu kawai ake gani. Komai yana tafiya daidai. Na ji ana ja ana turawa, ba zafi, sai na ji an ɗauke mini wani nauyi, likitan mata ya ce mace ce.

Sai shiru, Yaya. Ba ta yi kuka ba. Na ga nas ta wuce da ita da sauri zuwa wani ɗan tebur a gefe, mutum biyu sun duƙa a kanta, bayansu kawai nake gani. Duk abin da aka koya mini na watanni ya gudu. Ƙirjina ya kama bugawa, numfashi yana fita guntu-guntu, na'urar da ke kaina ta canja kuka. Mai allura yana cewa in sassauta, in ja a hankali, ina jin sa amma na kasa. Sai na ji yatsunsa suna sulalewa daga hannuna, ba don ya janye ba, nawa ne suka fara saki.

A nan ne bawan Allahn nan ya sunkuyo daidai kunnena, da muryar nan tasa ta kullum, kamar muna zaune a teburin cin abinci.

"Kin san sabon bututu," in ji shi, "in an gama haɗa shi aka buɗe famfo, ba ya kawo ruwa nan take. Iska ce a ciki. Mai gaggawa sai ya ce aiki ya ɓaci. Ba a taɓa komai, jira ake yi. Zai yi tari, ya sake tari, sannan ruwa ya zo."

Bai tsaya nan ba. Ya shiga bambancin bututun roba da na ƙarfe, da wanda ya fi jure rana, da dalilin da ya sa ba a son lanƙwasa da yawa. Shekara shida muryar nan tana sa ni gyangyaɗi, jikina ya riga ya saba, in ya ji ta sai ya kwanta. Numfashina ya bi ta a hankali ba tare da na sa shi ba. Yana cikin bayanin gam ɗin da ake shafawa a mahaɗa, sai muka ji wani ɗan tari daga teburin nan. Aka sake wani. Sannan 'yarki ta buɗe maƙogwaro ta cika ɗakin, irin muryar gidanmu sak.

Mai allura ya ce in matse. Na matse har sai da ya ce ya isa, yana da sauran aiki da yatsun. Ya ce in faɗi sunana, na faɗa tiryan-tiryan. Da na juya hagu, takunkumin ƙaninki ya jiƙe sharkaf, ashe muryar ce kawai ba ta nuna ba. Kukan da aka hana ni, shi da 'yarsa suka raba shi a tsakaninsu, ni kuwa na kwanta ina kallonsu ina numfashi kamar mutuniyar kirki.

An riƙe ni a asibiti ana sa ido, don an ce kwanakin farko bayan haihuwa su ma da nasu haɗarin. An sake ɗaukar hoton kai, ba abin da ya ƙaru. Ciwon yana nan, ban rabu da shi ba, kuma in na yi ƙarfi za a zauna maganar aikin da zai buɗa wa jini wata hanya. Wannan na gaba ne. Yau dai muna gida, na yi mata wanka, na ɓalla maɓallan rigar nan da kika aiko ɗaya bayan ɗaya da kaina.

Yarinyar tana da hancin ubanta, Allah ya sa iyakar gadon ke nan. In za ta yi hamma sai ta ɗaga gira ɗaya, daidai yadda kike yi in mai zuwa kitso ta ce miki ba ta da saurin jin zafi. Uban yana kiranta Sabon Famfo, na ce in ya kuskura sunan nan ya bi ta, ni da shi ne.

Yanzu saura ke. Na tambayi likita, ta ce ba ta hana ni dariya ba, shaƙewa ta hana, kuma ta ga na iya yin ta kurɓi-kurɓi kamar yadda nake shan ruwa. Don haka uzurinki ya ƙare. Ki rufe shago, ki ɗauko Mama, ki taho da fuskarki da bakinki duka. Wata biyar ina kwana ina tashi da mutumin nan tsaye a ƙofar shagonki rungume da fanka, ya gaji, ni ma na gaji. Ki zo ki zauna a bakin gadona, ki karɓi 'yarki, ki ɗauko labarin daga inda waya ta faɗi. Ƙaninki zai zauna kusa da gorar ruwa. In na ɗaga hannu ki dakata, in na sauke ki ci gaba. Na dama zan ɗaga.

Sai na gan ku. Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarki,
Auta, maman Sabon Famfo